Fetur ko dizal: masu jan kaya da Hilux a fara auna kayan tukunna

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah ka bani fili a wannan jarida tamu mai farin jini inyi magana da 'yan uwana masu neman sayen akori-kura domin jan kaya mai nauyi. Ba babbar tirela irin ta siminti nake nufi ba, ina nufin ƙaramar tirelar nan da ake maƙalawa a bayan Hilux a ɗora mata kwamfureso ko janareto ko tankin ruwa ko injin casa. Ni sana'ata haƙar burtsatse ce, jan kaya kuwa shi ne rabin aikin, kuma abinda yasa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin mutum ya tara kuɗinsa da guminsa yaje ya sayi mota saboda farashin lita kawai, bai taɓa tambayar kansa tan nawa ne abinda zai ja ba.

Da can ai babu wata muhawara. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur bata kai naira 200 ba a farashin hukuma, dizal kuwa da yake tun tuni gwamnati ta cire hannunta a kansa ya haura 700, toh kaga ko yaro ya san wacce zai ɗauka, shi yasa Hilux ɗin dake ƙasar nan yawancinsu masu fetur ne. Amma tunda aka cire tallafi fetur ɗin ma ya haura 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024, tazarar ta matse sosai, kuma har yanzu mutanenmu da tsohon lissafin suke sayen mota.

Abinda yake jan tirela ba gudu bane, ƙarfin murɗa taya ne tun inji yana ƙasa-ƙasa. Ɗauki Hilux mai fetur mai inji lita 2.7 wadda ta cika gari, ƙarfin murɗawarta wajen Nm 245 ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa), kuma baka samunsa sai ka taka ta inji ya kai zagaye kusan 4,000 a minti yana ihu. Mai dizal 2.4 tana bada Nm 400 tun daga zagaye 1,600, ita kuwa 2.8 ta shekarar 2020 zuwa sama mai otomatik ta kai 500. Wannan bambancin ba'a kan kwalta mai laushi ake ganinsa ba, sai an sauka hanyar ƙauye da damina ko an tsaya a tsakiyar hawa za'a tashi. Mai fetur dole direba ya riƙe kuloci rabi-rabi yana danna totur, motar tana karkarwa, kafin ta motsa warin ƙonewar kuloci ya cika cikin mota har yaran aiki dake baya suna toshe hanci, allurar zafi kuma tana ta haurawa. Mai dizal giya ɗaya zaka saka ka saki ƙafa a hankali ta tashi abinta. Wallahi duk wanda yake jan tan 2 zuwa sama kullum da injin fetur mai silinda huɗu, kuɗin da yake ganin ya rage wajen saye a kuloci da lagireto zai biya shi.

Sannan ga shan mai. Lita ɗaya ta dizal ta fi lita ɗaya ta fetur ƙarfi da sama da kashi 10 cikin ɗari tun daga asalinta, injin kuma ya fi iya tatsar ƙarfin, shi yasa idan an ɗora nauyi mai fetur sai ta buɗe maƙogwaro ita kuwa mai dizal shanta baya tashi kamar haka. Don haka lissafin gaskiya shi ne naira nawa ka ƙona daga Kano zuwa Haɗeja da kaya a baya, ba naira nawa aka rubuta a jikin famfo ba.

Toh amma fa kada wani ya karanta nan ya ruga ya sayi duk dizal ɗin da ya gani, nan ne ma nafi son a saurare ni. Injin dizal na zamani ba irin na da bane. Man yana shiga nozul da matsi mai tsananin gaske, kwamfuta ce ke sarrafa shi, kuma shi man da kansa ne yake zama maiƙon da famfon dake tura mai cikin injin yake gogawa a kai, saboda haka ruwa kaɗan ko kananzir da aka gauraya a ciki ya isa ya cinye famfo da nozul huɗu a lokaci guda. Ni da idona na tace filtar motar aikinmu bayan mun sha mai a wani gidan mai na bakin hanya, na tara a gorar ruwa, ana ajiyewa minti kaɗan sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa wajen yatsa biyu da wani baƙin dauɗa, man yana sama. Allah Ya taimaka fitilar gargaɗi ta kama da wuri. Wanda zai riƙe irin wannan motar sai ya yarda zai riƙa shan mai a wuri ɗaya da ya amince da shi, ya rabu da na jarka, ya ƙara filta mai raba ruwa, ya riƙa juyen baƙin mai akan lokaci, kuma ya tabbata akwai bakanike a garinsu da ya iya jona mata kwamfuta ba mai kwance-kwance da canke ba. In a lungu kake aiki inda babu ko ɗaya cikin waɗannan, gara tsofaffin injuna marasa turbo irin 5L na Hilux ko 1HZ mai 4.2 na Land Cruiser, basu da gudu, a hawa sai kayi haƙuri dasu, amma sun fi jure man da muke samu kuma duk wani tsohon bakaniken dizal ya san cikinsu.

Sai maganar manyan akori-kura na Amurka da samari suke gani a YouTube suna jan gida guda a baya. Gaskiya ne a can abin ya kai inda ya kai, Ford F-250 ta 2020 mai fetur 7.3 tana da ƙarfin murɗawa sama da Nm 600, mai dizal 6.7 kuwa ta haura 1,400, ya ninka har da ɗori, kuma tana da birkin salansa wanda yake riƙe mota a gangara ba sai ka taka birki ba. Amma ko a can ɗin sai ka ƙara wajen dala 10,000 kafin a baka mai dizal, shi yasa su kansu wanda ba kullum yake ja ba fetur yake ɗauka. Kuma an ƙera su ne da dizal ɗin Amurka wanda tun 2006 aka rage masa sinadarin salfa zuwa kashi 15 cikin miliyan, ga matatar hayaƙi a salansa dake toshewa, ga wani ruwa na daban da ake zuba mata wanda in ya ƙare kwamfuta zata rage mata gudu da gangan. Ka kawo irin wannan Kano a tokumbo ta riga ta ci kilomita dubbai a can, ranar da famfo ya tafi ka zagaye kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa kaf ka dawo hannu rabbana sai an yi oda an jira. In dai lallai ta Amurka mutum yake so, Tundra mai 5.7 ta fi sauƙin riƙo a nan, fetur ce, tana jan wajen tan 4 da rabi, sai dai shan manta sai mai ƙarfin hali.

Wanda kuwa jansa jefi-jefi ne, ƙaramin janareto ko injin ban ruwa ko kayan biki, sauran kwanaki yana zirga-zirgar cikin gari, ni a ganina ya sayi fetur ya huta. Ta fi araha wajen saye, kayan gyaranta ko'ina akwai, injinta bai damu da gajeruwar tafiya ba, kuma in yaso zai iya maida ta mai amfani da iskar gas ta CNG, duk da tukunyar zata cinye masa wuri a baya ta ƙara nauyi ta kuma rage ƙarfi kaɗan.

Abinda yafi tsaya min a rai dai shi ne nauyi da birki, don anan ake rasa rayuka ba kuɗi ba. Hilux mafi ƙarfi mai 2.8 kamfani yace iyakarta kilo 3,500, mai fetur bata kai haka ba, kuma wannan adadin da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta ne. In bata da birki iyakar kilo 750 ce kacal. Yanzu Edita dan Allah cikin tirelolin da masu walda suke haɗa mana da tsohon aksul ɗin mota, guda nawa ne suke da birki? Ina ganin masu injin girbin shinkafa lokacin kaka, ƙaramin Kubota ɗin nan shi kaɗai ya kusa tan 3, ka haɗa da nauyin tirelar da durom ɗin mai da yara a sama, an wuce iyaka tun kafin a bar gona, wannan aikin tarakta ne ko motar ɗaukar kaya Kanta ba na Hilux ba ko wane irin mai take sha. Dizal ma anan yana iya ruɗar mutum, don zata ja kayan kamar ba komai sai direba ya saki jiki, amma birkinta dai na ƙaramar mota ne. Duk wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo daga Jos da kaya a baya ya san abinda nake faɗa, tirelar ce take tura ka, birki yayi zafi feda ta fara nutsewa, bayan motar ya fara kaɗawa hagu da dama. A irin wurin nan tun daga sama ake saka giya biyu a sauka a hankali ko na baya zasu cika ka da hon. Kuma a riƙa ɗora kaya yadda wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyin zai danna kan ƙugiya, in aka tura nauyin can baya shi ne yake kawo kaɗawar, sannan a saka sarƙa biyu ko da fin ɗin da ya riƙe tirelar ya cire.

Roƙona ga jaridarku shi ne ku tura wakilinku Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ya zauna da bakanikan dizal da masu haɗa tirela, a buga mana da Hausa nawa ne kuɗin saka wa tirela birki da kuma wa ya iya. Ina kuma kira ga hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC data shigar da maganar cikin wayar da kan da take yi a tashoshi kafin kaka. Su kuma kamfanonin shinkafa da kasuwannin hatsi masu sikelin mota, dan Allah su riƙa barin mai ƙaramar tirela ya hau ya auna ko da za'a karɓi ɗan wani abu a hannunsa.

Na gode da bani dama.

Naku,
Wani mai haƙar burtsatse, daga Kano