Zuwa Ga Uwata, Kan Wannan Azumin Rage Ƙiba

Argungu, Jihar Kebbi

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya sako mu gaba. Babanku na gaishe ki, ya ce in shaida miki ƙafar ta yi sauƙi.

Maganar da muka fara a waya ran Juma'a ce ta sa na ɗauki biro, don layin ya yi ta yankewa, ni kuma na san halina, in ban rubuta ba rabin abin da ke bakina zai tsere. Kin ce kin hau sikeli kin ga kilo 92, hankalinki ya tashi, kin ƙudurta ba za ki ƙara sa komai a baki ba sai sha biyun rana, takwas na dare kuma ki rufe. Awa 16 ke nan ba ci, awa 8 na ci. Kin kuma sa manhajar ƙirga kalori a waya, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. To, ban hana ki ba. Ciwon suga ba baƙo ba ne a gidan nan. Babanku shekara 14 yana fama da shi, gwaggonki kuwa da shi ta koma ga Allah. Ɗiyar da ta fito daga irin wannan gida, in ta ce za ta rage jiki, ai sai a sa mata albarka.

Sai dai ina da tambaya. Shekara nawa kina azumin watan Ramadan? Daga asuba zuwa magariba a nan wajenmu awa 13 ne zuwa 14, ko ruwa ba a sha, har wata guda. Mutum nawa kika gani sun fito ramammu? Ɗinkin da aka kai wa tela awonsa tun Sha'aban, ranar Sallah daidai yake zama a jiki, wani lokacin ma sai an buɗa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ana kiran salla, ga dabino, ga kunun tsamiya da sukari, ga ƙosai, ga doya da ƙwai, ga zoɓo mai sanyi. An dawo asham a zauna wa tuwo. Kafin asuba kuma a tashi sahur. Abin da muka hana ciki da rana, da dare muke biyan shi har da riba.

Haka wannan naki zai zama in ba ki kula ba. Agogo ba ya narkar da kitse. Amfanin tsarin kawai shi ne yana rage wa hannu yawan zuwa baki, musamman ciye-ciyen dare. A 2022 na karanta wani bincike da aka yi a birnin Gwangzu na ƙasar Sin, can inda 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya. Mutum 139 aka raba gida biyu har shekara guda. Duka an rage musu yawan abinci daidai wa daida, amma rukuni ɗaya aka ce kada su ci sai tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma. Da aka zo awo, duka sun rage nauyi, tazarar da ke tsakaninsu kuma ba ta taka kara ta karya ba. Don haka in lokacin ya yi miki sauƙi, ki riƙe shi, amma idonki ya fi zama a kan abin da ke shiga tukunya.

Bari in ba ki labarin abin da na yi bayan mun gama waya. Na shiga kicin na ɗauko ludayin da nake ɗiban man gyaɗa da shi, wannan mai lanƙwasasshen hannu da kika sani tun kina 'yar firamare. Na cika shi, na riƙa juyewa a babban cokali ina ƙirgawa. Cokali shida cif. Kowane cokalin mai kalori 120 ne ko kusa da haka, ka ga ludayi ɗaya ya haura 700. Ni kuwa biyu nake zubawa a miyar dage-dage, in na ga ba ta yi ƙyalli ba in ƙara. Na tsaya riƙe da ludayin ina ta mamakin kaina, ni da na yi shekara 32 ina aikin jinya ina yi wa mutane wa'azin cin abinci. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na tsaba ko na tsokar nama kuwa bai wuce 4 ba. Manja da man gyaɗa da man shanu duk jirgi ɗaya ya kwaso su a wannan lissafin, kada wata ta ruɗe ki da cewa wannan na gargajiya ne ba ya sa ƙiba.

Ita kuma manhajar taki, ki yi amfani da ita amma kada ki mayar da ita alƙali. Ba ta san girman malmalar tuwon gidanki ba, ba ta san hannunki a miyar kuka ba. Abin da ya fi shi ne ki auna kayan tun suna ɗanye. Ɗanyar shinkafa giram 100 tana da kalori wajen 350, in ta dahu ta sha ruwa kuwa giram 100 bai fi 130 ba. Nan ne mutane da yawa ke tafka kuskure, su auna wannan su rubuta wancan. Ki yi awon sati biyu ko uku har idonki ya saba, daga nan ki ajiye sikelin kicin ki huta. Soyayyar gyaɗar nan da kike ɗiba a kwalba kina kallon talabijin, giram 100 ta haura kalori 550. Lemon kwalba na rabin lita kuwa sukarinsa ya fi ƙaramin cokali goma. Shayinki mai kauri da madara, da furar da ake damawa da sukari, duk abinci ne, ko da ba a tauna su.

A awannin da ba kya ci, ki sha ruwa sosai. Wannan ba azumin ibada ba ne, ruwa da baƙin shayi marar sukari ba su ɓata shi. In kuma kina son lada, ga Litinin da Alhamis nan, ki ɗaura niyyarki don Allah, ki yi sahur ki yi buɗa-baki kamar kowa. Ni dai ban so ki cakuɗa su. Batun kwana biyu ko uku a jere ba ci da kika ce wata abokiyar aikinki na yi, ban yarda ba. Ko a ibada an hana mu haɗa azumi da azumi ba tare da buɗa-baki ba, balle don siket ya shiga.

Kada ki faɗa wa awa 16 rana ɗaya. Ki fara da 12, bayan sati ki ƙara zuwa 14, ki ga yadda jikin ya karɓa. Ciwon kai da ɗan kasala a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Amma in kika ji jiri, ko hannu na rawa, ko zufa mai sanyi, ki ci abinci nan take, ba jarumtaka a ciki. Na taɓa karɓar wani dattijo a ɗakin marasa lafiya, ya sha ƙwayar sugansa da safe ya ƙi cin komai. Aka kawo shi rigarsa sharkaf da zufa, yana surutai, 'ya'yansa na ta tofa masa addu'a suna zaton iska ce. Sukarin jininsa ne ya faɗi ƙasa warwas. Ana ɗaura masa ruwa, cikin 'yan mintoci ya buɗe ido yana tambayar ina hularsa. Shi ya sa da babanku ya ji zancenki ya ce shi ma zai gwada, na ce sai dai in likitansa ne ya tsara masa. Ke ma kafin ki fara ki je a auna miki suga da hawan jini, ki kuma gaya wa likita batun gyambon cikin da ya dame ki kina jami'a. Ranar da kika ga alamar ciki kuwa, ki ajiye komai. Da ma kina shayarwa ne da ban bari kin fara ba.

Kin ce kina son komawa kilo 65 kafin bikin ƙanwarki. Wata uku ne fa ya rage, Uwata. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne tafiyar da jiki ke ɗauka ba tare da ya rama daga baya ba, kuma kada abincinki na yini ya gaza kalori 1,200 sai da sanin likita. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna masu haɗarin kamuwa da suga da suka rage wajen kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suna kuma motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin ya ragu da kashi 58 cikin 100. A jikinki kilo shida ke nan da ɗoriya. Ki fara da su. Sikeli sau ɗaya a sati ya isa, da safe, kuma kada ki hau lokacin al'ada, ruwa ne zai tayar miki da hankali a banza. Shayin rage ƙiba da ake talla a WhatsApp kuwa, yawancinsa gudawa yake sawa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. 'Yar taki shekararta 11, kuma duk abin da kika yi idonta na kai. Kada ta riƙa jin kina zagin jikinki a gaban madubi, kada kuma a zauna cin tuwon dare kujerarki ba kowa. Ki zauna da su, ki ci naki daidai, ki cika kwanon da ganye. Sannan ki gaya mini gaskiya, wani ne ya yi miki gori? A muryarki na ji kamar da wata a ƙasa. In akwai, ki kira ni lokacin da kike ke kaɗai.

Na ba direban da ke zuwa ran Talata saƙo: busasshen kifi, zogale da rama da na shanya da kaina, da albasar Aliero rabin buhu. Ƙuli-ƙulin na kwaɗo ne da na yara, ba na kallon talabijin ba. In sakamakon awon ya fito ki ɗauki hotonsa ki turo wa ƙaninki ya nuna mini, don tabarau ɗina ya fashe ban kai gyara ba tukuna.

Allah ya yi miki albarka, ya raya zuri'a.

Innarki