Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hajiyar da ta tambaye ni batun mashayar jami'a a Ingila

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe.

A shirin rediyon da aka gayyace ni kan karatu a ƙasashen waje, kin bugo waya ana dab da rufewa. Kika ce ɗanki ya samu gurbin digiri na farko a Ingila, amma an gaya miki wai a cikin jami'ar kanta akwai gidan giya. Kika nemi in faɗa miki tsakani da Allah ko gaskiya ne, kuma in ni ne, ko zan bar nawa ɗan ya tafi. Lokaci ya ƙure ban ba ki amsar kirki ba, shi ya sa na rubuto, don na san ba ke kaɗai wannan magana ke hana wa barci ba.

Gaskiya aka faɗa miki. Kuma ba a lungu take ba. A yawancin jami'o'in Birtaniya mashayar tana cikin ginin ƙungiyar ɗalibai, kusa da kanti da ofishin ba da shawara, ƙungiyar ce ke gudanar da ita, ribar kuma ta shiga asusunta. A Oxford da Cambridge da Durham, inda jami'a ta kasu kwaleji-kwaleji, kusan kowace kwaleji da tata. Dokar ƙasar ta yarda ɗan shekara 18 ya sayi giya, wato daidai shekarun da yara ke shiga aji ɗaya.

Su a wurinsu mashaya ba matattarar 'yan iska ba ce. Matsayinta kusan na teburin mai shayi ne a unguwa: nan ake kallon ƙwallo, nan ake musun siyasa, nan ake jin inda ake neman ma'aikaci ko inda ɗakin haya ya faɗi. Malami ya gama taron ƙara wa juna sani, sai ya ce a ƙarasa maganar a can. A Cambridge akwai wata mashaya, The Eagle, da ake cewa a cikinta masanin kimiyya Francis Crick ya shelanta cewa shi da James Watson sun gano tsarin ƙwayar halitta ta DNA, ranar 28 ga Fabrairun 1953, har an kafa allo a bango ana tunawa da abin. Ban kawo wannan don in wanke giya ba, hukuncinta kin fi ni sani. Na kawo ne don ki ga abin da zai ja ɗanki can. Ba ƙishirwar kwalba ba ce, Hajiya. Mutane ne, a garin da bai san kowa ba.

Makon farko ya fi kowane zafi. A ƙarshen Satumba ake karɓar sabbin ɗalibai, a ware musu mako guda babu karatu sai sanin juna, kuma mafi yawan shagulgulan dare a kan sha aka gina su. Yaro ya sauka da akwatinsa da kilishinsa, an haɗa shi kicin ɗaya da yara biyar ko shida. Wajen ƙarfe takwas na dare sai ya ga an jere kwalabe a teburin cin abinci, saboda giyar kanti ta fi ta mashaya araha, sai sun fara ɗumama a gida kafin su fita. In ya rufe ƙofa ya kwanta, da safe ya tarar kowa ya yi abokai ban da shi. Wannan kaɗaicin na sani, na ɗanɗana shi a wata jami'a a arewacin Ingila. Ki haɗa shi da watan Disamba, da ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufa, ga sanyi, ga kewar gida.

To, ga al'adun da zai tarar, don gara ya ji su daga gare ki kafin ya gamu da su.

Akwai saye na zagaye. In mutum shida suka zauna, ɗaya ya tashi ya sayo wa kowa, in an shanye na gaba ya tashi, haka har a zagayo. Tambulan ɗin da suke kira pint mililita 568 yake ci, ya haura rabin lita. Ki lissafa shida. Babu wanda ya yi niyyar shan lita uku, tsarin ne ya sa, domin tashi kafin naka zagayen rowa ce a idonsu. Hukumomin lafiyar ƙasar kuwa tun 2016 suke cewa kada mutum ya wuce awo 14 na barasa a mako, wanda bai fi irin wannan tambulan shida ba. Abin da likita ya ƙayyade na mako, a zama ɗaya ake gamawa da shi.

Akwai wasan kwabo, wanda ya fi yawa a tsofaffin jami'o'i. Ana cikin cin abinci sai wani ya faki idonka ya jefa kwabo cikin kofinka, a ce sai ka shanye a tashi ɗaya don ka ceci sarauniya daga nutsewa, tunda hoton marigayiyar ne a jikin tsofaffin kwabban. A Oxford kuma akwai tsohuwar tara ga wanda ya karya ladabin teburi: a miƙa masa ƙaton kofi ya ɗaga kai. Bob Hawke, lokacin yana ɗalibi a can cikin shekarun 1950, an ce ya kwankwaɗe pint biyu da rabi cikin daƙiƙa 11 har ya shiga kundin bajinta na duniya, daga baya ya zama firaministan Ostireliya daga 1983 zuwa 1991. Har yau ana ba sabbin ɗalibai labarinsa ana tafi. A Leeds kuwa, ranar Asabar za ki ga gungun matasa cikin shigar ban dariya, wannan ya yi shigar ayaba, wancan ta likita, suna bin titin Otley daga Headingley zuwa tsakiyar gari, mashaya fiye da goma, kowacce sai an tsaya. Da rana abin dariya ne. Ki dawo da tsakar dare ki ga ayabar kwance a bakin titi ta yi tatil.

Inda na fi so ki buɗe kunne shi ne daren Laraba. Jami'o'i da yawa ba sa sa lacca da yammacin Laraba don a yi gasar wasanni, da dare kuma kowace ƙungiya ta fita shagali. A nan ake yi wa sabbin shiga abin da suke kira bikin rantsarwa, manya suna ba da umarni, ƙanana suna sha, wanda ya ƙi a yi masa ihu. A Disambar 2016 wani ɗalibin aji ɗaya ɗan shekara 20 ya rasu a Newcastle bayan irin wannan dare na ƙungiyar ɗaliban aikin gona. A binciken da aka yi a 2018 an ji cewa a wata mashaya an yi odar kofin vodka (wata barasa mai ƙarfi) mai ninki uku wajen guda 100 a tashi ɗaya. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, abokansa sun ji yana minshari mai ƙarfi suka ɗauka barci yake, alhali numfashinsa ne ke tafiya. A Durham ma, tsakanin 2013 da 2015, gawarwakin ɗalibai uku aka tsamo daga kogin Wear bayan fitar dare. Jami'o'i sun haramta bukukuwan rantsarwar a takarda, amma an mayar da wasu gidajen haya, an sake musu suna. Idan ɗanki mai son ƙwallo ne, ya buga abinsa, amma ya faɗa wa kyaftin tun ranar farko cewa shi ba ya fitar Laraba.

Shi wannan faɗin tun farko shi ne maganin rabin matsalar. Bature na mutunta wanda ya ce kai tsaye, "Ba na sha, addinina ya hana." Da wuya ya sake yi maka tayi, wani ma shi zai riƙa tare maka wasu. Wanda suke matsa wa shi ne mai kame-kame, yau ciwon kai, gobe jarrabawa, don sun ga ƙofa a buɗe. Kuma lokaci ya sauya, yaran Turawan kansu da yawa yanzu ba sa sha, wasu don lafiya, wasu don tsada.

Sai batun shiga wurin ko da ba za a sha ba. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya, kuma na ga 'yan'uwa sun kasu: wasu ko ƙofar ba sa takawa, wasu su leƙa a gaisa su fice. Wannan ya tambayi malaminsa kafin ya tafi, ni ba mai fatawa ba ne. Abin da zan iya shaida shi ne ƙin shiga yana da farashi. Akwai shekarar da a sashenmu kusan duk shawarar wanda zai je wane taro a mashaya ake yanke ta, mu da ba ma zuwa sai dai mu ji an gama. Da muka yi magana aka mayar da zaman ɗakin shan shayi da rana, ba wanda ya yi fushi, ashe ba su ma lura ba ne. Ɗanki ya koyi buɗe baki da ladabi.

Ga abin da za ku yi tun kafin ya hau jirgi. Wajen cike takardar masauki ya duba, jami'o'i da dama na ware ɗakunan da ba a shiga da giya, amma ba su da yawa, masu sauri ke samu. Ya nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'arsa, kusan ko'ina akwai, uwar ƙungiyarsu FOSIS tun 1963 take, kuma su ma suna shirya nasu makon tarbar baƙi da cin abinci da ƙwallo. Can zai san masallaci da mahaucin halal. Bizar ɗalibi takan ba da damar aiki har awa 20 a mako lokacin karatu, kuma aikin da ya fi saurin samuwa shi ne na mashaya da kulob, don haka ku yi wannan maganar tun yanzu, kada sai kuɗi sun yanke. Ko da ba ya sha, zai zauna da masu sha: in ya ga abokin zamansa ya bugu ba ya farkawa, ya kwantar da shi ta gefe, kada ya bar shi shi kaɗai, ya kira 999. Babu wanda zai kama shi don ya kira motar asibiti.

Kin ce in ni ne zan bar nawa ya tafi? Zan bar shi, Hajiya, in na zaunar da shi mun yi wannan hirar ba kunya. Shekara 18 ƙuruciya ce, da digiri na biyu ne da hankalina ya fi kwanciya, amma tunda gurbin ya samu, kada a bar shi ya wuce. In kin kira shi a makonnin farko, kada ki tsaya kan "ka ci abinci?" kaɗai. Ki tambaye shi da wa ya ci, wa ya raka shi Juma'a, me ya yi daren Laraba. In ya kasa kawo sunan mutum ko ɗaya har wata ya wuce, ki nemo wani babba ɗan gida a garin ya je ya ɗauko shi a ci tuwo.

Allah ya tsare shi, ya ba shi abin da ya je nema. A gaida Alhaji da mutanen gida.

Wassalam,
Ɗanki, tsohon ɗalibi a Ingila