Wasiƙa zuwa Jidda: maganar gadon Baffa

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙon ta'aziyyarka ya iso, Allah ya ba da lada.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rabon gadon Baffa da aka yi bayan sadakar arba'in. Ka tuna ɗan amaryarsa, wanda ke tsare masa shago a Kantin Kwari? Shekararsa 24 yanzu. Ranar rabo yana zaune a bakin tabarma, shi ne ma ya kawo wa malam ruwa. Sai wata gwaggo ta ce a tuna fa, wata huɗu da ɗaurin aure aka haife shi. Zaure ya yi tsit. Malam ya sunkuyar da kai, ya ce mafi ƙarancin ciki a shari'a wata shida ne, don haka yaron zai gaji mahaifiyarsa da danginta, amma ba ya gadon Baffa. Yaron bai ce uffan ba. Ya ajiye makullan shago a gaban Yaya Babba, ya sa takalmansa ya fita.

Wallahi ban runtsa ba a daren. Ba jayayya nake da hukuncin ba, haka Malikiyya da mafi yawan malamai suka tafi, ko da yake Ibnu Taimiyya yana ganin idan matar ba ta ƙarƙashin auren wani, kuma mutumin ya amsa cewa ɗansa ne, ana iya jingina masa shi. Abin da ke ci mini rai shi ne Baffa ya san komai. Shari'a ta ba shi damar yin wasiyya har sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba. Ko yana raye ya mallaka masa shagon kyauta a gaban shaidu, da magana ta ƙare. Kunya ta hana shi, Allah ya gafarta masa, ga shi yaron da bai ji ba bai gani ba ake kira ɗan gaba da Fatiha a zauren da ya yi rarrafe.

Wani lauya ya ce wa yaron sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. Ya ce shi ba zai kai ƙannensa kotu ba, balle a tona asirin mahaifiyarsa.

To ga roƙona. Yaya Babba yana jin maganarka tun kuna makarantar allo. Don Allah ka kira shi, ka tuna masa aya ta 8 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo, a ba su wani abu, a kuma faɗa musu magana mai daɗi. Magada takwas ne, kowa ya tsakuro daga rabonsa, shagon zai iya zama na yaron. Ƙannensa mata biyu sun riga sun amince.

Ka hanzarta, don dillalai sun fara zuwa taya shagon. Ka gaida uwargida da yara, ka kuma sa mu a addu'a idan ka shiga Harami.

Wassalam,
Naka amini, daga Kano