A ba mu labarin maƙwabtan Sin, ba ganuwa kaɗai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina da ƙorafi kan yadda ake kawo mana tarihin ƙasar Sin. Kullum zancen ɗaya ne: ga babbar ganuwa, Sinawa a ciki, mahara a waje. Alhali yawancin ganuwar da masu yawon buɗe ido ke hawa a yau aikin daular Ming ne, wadda sai a 1368 ta kafu. Kafin nan akwai zamanin da takardar sulhu ce ta tsare iyaka fiye da shekara ɗari, kuma ba a cika ba mu labarinsa ba.

Ina nufin zaman daular Song da maƙwabtanta na arewa, Kitan, makiyaya ma'abota dawakai da suka kafa daular Liao. Tun 938 Kitan ke riƙe da larduna 16 na Sinawa manoma, har da inda birnin Beijing yake yanzu. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka tafiyar da mulkin. Ba su tilasta wa manomi ya bi dokar makiyayi ba. Hukuma biyu suka yi: ta arewa tana kula da ƙabilu bisa al'adarsu, ta kudu tana mulkin manoma da tsarin Sinawa, har tufafin ma'aikatan biyu ba iri ɗaya ba ne. Rubutu ma suna da nasu tun 920. Waɗannan ne ake taƙaita mana da sunan mahara!

A 1004 uwar sarkin Liao, Xiao, ta fito yaƙi da kanta tare da ɗanta, rundunarsu ta kutsa har kusa da Rawayen Kogi. Fadar Song ta ruɗe, wasu fadawa na cewa a kwashe a yi kudu. Waziri Kou Zhun ya tsaya kai da fata sai sarki Zhenzong ya je bakin daga, kuma ya je. A can kibiyar babban baka ta kashe wani jigon kwamandan Kitan, gwiwar kowane ɓangare ta yi sanyi. A farkon 1005 aka ƙulla sulhun Chanyuan: duk shekara Song za ta ba da turmi 200,000 na alharini da azurfa liyang 100,000, bisa ma'auninsu. Mutanen Song ba su yarda a kira shi haraji ba, suka ce gudummawa ce ta ɗawainiyar soja. Sarakunan biyu suka koma wa da ƙane, sarkin Song yana kiran uwar takwaransa inna.

Na san wasu za su ce ragwanci ne. Ni ban ga haka ba. An ƙara kuɗin a 1042, gaskiya ne, amma kasuwannin kan iyaka suka yi ta ci, kuma kaso mai yawa na azurfar ya riƙa dawowa hannun fataken Song. Manomin lardin Hebei da ke kan iyaka ya yi noma, jikansa ma ya yi, ba su ga babban yaƙi ba.

Da Song ta ɗora ido kan lardunan nan 16 ta haɗa kai da ƙabilar Jurchen a kan Liao, garin neman gira ta rasa ido. Liao ta faɗi a 1125. A 1127 su Jurchen ɗin suka ci Kaifeng, babban birnin Song, suka tasa ƙeyar sarki Qinzong da mahaifinsa Huizong zuwa arewa.

Don Allah, Malam Edita, ku ware fili ko da sau ɗaya a wata, ku gayyato malaman tarihi na jami'o'inmu su yi mana bayanin Kitan da Tangut da Uigur da Jurchen, kowa da sunansa da tsarin mulkinsa.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya