Wasiƙa daga Jidda kan aikin maƙogwaron Baba

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali da duk mutanen Gadarif. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Saƙonka ya iso. Na ga abin da likita ya ce, ciwon daji ne a maƙogwaro, bai bazu ba, kuma suna so su yanke wurin da ya kamu su bar saura. Ka tambaye ni yadda aka ƙare da Kawu, tunda shi ma irin aikin da aka yi masa ke nan a nan Jidda. Zan gaya maka abin da na gani da idona da abin da likitoci suka fahimtar da mu.

Da farko ku gode wa Allah da aka ce sashe za a cire. Wanda aka cire wa maƙogwaro gaba ɗaya, har ƙarshen ransa ta huda a wuya yake numfashi, muryar da aka haife shi da ita ta tafi, ko ƙanshin turare da ƙyar yake ji. Shi kuwa wanda aka bar wa sashe, akasari hudar ta ɗan lokaci ce, bayan 'yan makonni a cire bututun numfashin da aka sa a hudar, wurin ya haɗe, ya koma shaƙar iska ta hanci. Kuma idan an kama ciwon da wuri a kan jijiyoyin murya, kusan tara cikin goma suna rabuwa da shi.

Murya muka fi jin tsoro, kasancewar Kawu mai karantar da yara ne. Ranar da ya fara magana, yatsa ya ɗora a bakin bututun ya toshe, sannan ya ce "Alhamdu lillahi", a shaƙe, sai da na sunkuya na ji. Yanzu tana fita, ana hira da shi a ɗaki, ana jin sa a waya, amma dusasshiya ce kuma haka za ta zauna. Jan ayar nan mai tsawo da aka san shi da shi babu, numfashi ba ya kai shi. Ku gaya wa Baba wannan tun yanzu, kada ya farka yana jiran tsohuwar muryarsa.

Inda aka sha wuya shi ne haɗiya. Maƙogwaro shi ke rufe hanyar huhu duk lokacin da mutum ya haɗiyi abu, to an rage shi, sai ya sake koyo. Da farko ta bututun hanci ake ba shi abinci. Da aka fara gwada baki, abin mamaki, ruwa ne ya fi ba shi wahala. Ko Zamzam ya kurɓa sai ya ƙware, tari har hawaye. Kunu mai kauri da ful, wato dafaffen wake, da aka murje su ne suka fara wucewa. Wata ma'aikaciya ta koya masa ya zauna tsaf, ya riƙe numfashi, ya haɗiya, ya yi tari nan take kafin ya shaƙi iska. Cokali ɗaya, a huta, a sake. Innarmu takan fita ta share hawaye ta dawo. Wannan tarin shi ke kare huhu, don abincin da ya ɓace hanya yana jawo ciwon huhu mai tsanani. Shi ya sa likitoci ba sa yi wa mai raunin huhu wannan aiki. Baba ya daɗe yana shan taba, don haka ka nace a auna huhunsa tukuna.

Ina ba ka shawara ka tambayi likita ko aikin Baba zai yiwu ta baki da na'urar leza mai yanka da haske, ba tare da an tsaga wuya ba, domin ta fi saurin warkewa ga ƙaramin ciwo. Akwai kuma gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, wanda sakamakonsa a farkon ciwo ya yi kusa da na tiyata, sai dai yana son zuwa kwana 5 a mako har wajen mako 6 ko 7 ba fashi. Na san yadda yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya tarwatsa jinyar masu wannan ciwo a Khartum da Wad Madani, don haka ku duba wanda za ku iya kaiwa ƙarshensa.

Bayan aiki kada ku ɗauke ƙafa daga asibiti. Idan ciwon zai dawo, ya fi dawowa a shekara 2 zuwa 3 na farko, kuma in an gan shi da wuri akwai sauran dabara. Taba kuwa, da sigari da shisha da tumbak da ake sawa a baki, ya bar su har abada.

Ka turo mini hoton takardun, zan nuna wa likitan Kawu in ji ta bakinsa. Kawu ya ce a haɗa shi da Baba a waya su yi magana, ina ganin jin muryarsa zai kwantar masa da hankali fiye da wasiƙata. In sha Allahu ranar Juma'a zan shiga Makka, zan sa shi a addu'a. Ka gaida Innarku da yara.

Wassalam,
Amininka