Kada a goge fayil don saba ta ƙi tashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu kemis, masu makarantun kuɗi da 'yan sari na nan Jos da suka mayar da lissafinsu cikin kwamfuta. Gyaran kwamfuta nake yi a wajen Terminus, kuma kukan da ya fi zuwa mini shi ne: jiya an ɗauke wuta, yau saba, wato manhajar da ke riƙe da bayanan shago, ta ƙi tashi.

Da yawansu MySQL, wani tsarin ajiyar bayanai a kwamfuta, ne ke riƙe musu da bayanai. In wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, galibi da kansa yake ɗinke ɓarakar idan aka sake kunnawa. Amma wani lokaci, musamman in faifan ajiya ya tsufa, sai ya ci karo da shafin bayanan da ya lalace ya tsaya cak, gudun kada ɓarnar ta ƙaru.

A nan ake tafka asara. Sai a kira yaron da "ya iya kwamfuta", ya leƙa intanet, ya ga an ce a goge fayil ɗin ibdata1, wanda MySQL ke ajiye muhimman bayanansa a ciki. Wani mai kemis a Bauchi Road haka aka yi masa. Saba ta tashi, kowa na murna, da ya buɗe sunayen waɗanda yake bi bashi sai manhajar ta ce babu su. Ya zo shagona riƙe da tsohon littafin rasit, yana lasar yatsa yana buɗawa.

Kafin a taɓa komai, a kwafe jakar data ta MySQL gaba ɗaya zuwa wani faifan. Sannan a karanta layukan ƙarshe na rahoton kuskure, don sau da yawa yana faɗin inda matsalar take. In abin ya ƙi, akwai layin innodb_force_recovery, mai tilasta wa saba tashi, da ake sawa a my.ini, fayil ɗin saitin MySQL, da lamba daga 1 zuwa 6. A fara da 1, a hau a hankali. Daga 4 zuwa sama su ma MySQL ɗin sun yi gargaɗin yana iya lalata bayanai har abada. Da ta tashi a zazzage komai da mysqldump, manhajar fitar da kwafin bayanai, a cire layin daga my.ini, sannan a kafa sabuwar saba a zuba.

Masu shaguna kuwa, don Allah ku duba batirin UPS ɗinku, na'urar da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, na ga da yawa ƙara kawai suke iya yi. Kwafin ajiyar ma a riƙa sa shi a filas a tafi da shi gida duk yamma.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Anguwar Rogo, Jos