A Horar Da Waɗanda Suka Warke Su Riƙe 'Yan'uwansu

Malam Edita,

Ni tela ne, na yi fama da ciwon damuwa mai tsanani. Likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Amma zaman da muke yi duk Asabar, mu da muka ɗanɗana ciwon, shi ya mayar da ni kan keken ɗinki. Wanda ya daina shan magani, har gida muke binsa mu lallashe shi. Ba ya jin kunyarmu.

Tunda an sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, ina roƙon gwamnati ta horar da irinmu, ta ba mu ɗaki ko ɗaya a asibitocin unguwa.

Naku,
Wani tela, Tudun Wada, Kaduna